Mai Taga ko 'Yar Aljihu, Ikenna?

Zuwa ga mutumina Ikenna,

Ina gaishe ka irin gaisuwar da na saba yi maka da safe idan na biyo ta ƙofar shagonka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, cewa za ka yi in faɗa maka da baki, wai rubutuna yana sa ka ciwon kai. Amma wata tambaya ce ta taso mini irin wadda kai kaɗai nake kai wa. Na duba ko'ina ban ga wanda zan ba ta ba, sai na ce bari dai in zauna in rubuta.

Ga labarin gida tukuna. Damina ta yi kyau, dawa ta fid da kai a gonakin bayan Rikoto har tana rufe hanya. Matarka Madam Ngozi tana riƙe da shago, kuma kada ranka ya ɓaci, ta gyara shi fiye da yadda ka bar shi. Matattun rediyoyin nan da ka tara kana cewa wata rana za su tashi, ta kwashe su duka. Bencinmu yana nan, har yanzu da dutse a ƙarƙashin ƙafarsa ɗaya. Ƙafata da ta kwantar da ni asibiti lokacin da aka tafi da gawarka gida ta warke, ina takawa ba sanda.

Madam ce ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni. Ta ce tun da aka binne ka, tsohuwarka tambaya ɗaya take maimaitawa. Wai su wane ne mutanen da ɗanta ya ƙare rayuwarsa a cikinsu? Ba ta taɓa zuwa Zuru ba, ka sani. A ganinta ka tafi wata ƙasa mai nisa ka zauna cikin baƙi, ka yi ciwo cikin baƙi, ka mutu babu mai riƙe maka hannu. Madam ta yi mata bayani har ta gaji, tsohuwa ta ce matar ɗa ce kawai take kwantar mata da hankali. Ikenna, maganar nan ta yi mini ciwo. Kai da ka fi ni iya C'lela, yaren garin nan, kai da ba a suna ko biki a unguwar nan ba a ajiye maka kujera ba, a ce mahaifiyarka za ta bar duniya tana zaton cikin maraici ka zauna?

Saboda haka zan bi Madam zuwa garinku idan za a yi addu'ar cikarka shekara, kuma na ƙudura zan kai wa tsohuwa Zuru a hoto. Ba na waya ba. Wayata idan aka wanke hotonta da girma fuskoki dishi-dishi suke fitowa, ita kuwa tsohuwa an ce idonta ya yi rauni. Ina son manyan hotuna da za ta riƙe a hannu ta kawo kusa da fuska.

Hadiza 'yata da ta ji haka, sai ta zo daga Abuja da kyamarori biyu. Wani mai sayar da su da ta sani ne ya amince ta kawo in gwada, in ɗauki ɗaya, ta mayar masa da ɗaya. Ta ce dama ta daɗe tana son yi mini kyauta tun da na yi ritaya, ta san kuma ina son hoto tun zamanin fim. To ka ga inda matsalar take. Wa ya taɓa barina in zaɓi abu mai batir da kaina? Rediyo kai ka zaɓa, fanka kai ka zaɓa, tocila ma sai ka karɓe wadda na ɗauka ka miƙo mini wata. Bari in gaya maka wani abu da ban taɓa faɗa ba. Sau da yawa na riga na san wadda nake so tun daga gida. Gardamar nake zuwa nema, don ban taɓa samun wanda ya iya gardama da daɗi kamarka ba.

Ta farko na sa mata suna Mai Taga. Tana da wata 'yar taga a kusurwa da ake kafa ido ɗaya a leƙa, da maɓallai na murɗawa a sama kamar na rediyon da. Rabinta fari rabinta baƙi, a wuya ake rataya ta, kuma duk wanda ya gan ta sai ya sake kallo. Ta biyun 'Yar Aljihu ce. Baƙa ce ƙirin, ba ta fi sabulun wanka ba, tana shigewa aljihun kaftani ta ɓace. Ba ta da taga, a gilashin bayanta ake kallo kamar waya. Kafin ka ce me ta kunna ta ɗauka, ba ƙara ba komai, kuma tana kwaso fili fiye da 'yar'uwarta. Aibinta batir, bai da juriya ko kaɗan.

Abin da ya ɗaure mini kai, dukansu ba sa jawo abu kusa. Idan kana son fuskar mutum ta cika hoto, sai ka taka da ƙafarka ka je gabansa. Me ya sa abu mai tsada haka zai rasa abin da ƙaramar waya take da shi? Hadiza ta ce da gangan aka yi, wai idon da ba ya motsi ya fi kaifi. Na so in ji ta bakinka a nan. Na san da ka ɗaga ta sama, ka ƙanƙance ido, ka shaƙi ƙamshin kwalinta, sannan ka yanke hukunci kamar kai ka ƙera ta. Wai da gaske kana gane wani abu a wannan shaƙar, ko burga ce kake yi mana shekara da shekaru?

Da 'Yar Aljihu na fara. Ranar kasuwa na fita da ita, na zauna a benci, ina ɗauka ba wanda ya sani. Ikenna, da ka ga abin da ta kama! 'Yan kabu-kabun Wasagu da suke kawo maka wayoyinsu caji suna musu a kan babur ɗaya, kowa baki buɗe. Tsohon sajan ɗin nan, Baba Audu, yana gyangyaɗi da rediyo a kunne. Inna Lami mai masa da ke tsallaken titi tana juya tanda, hayaƙi ya sa ta runtse ido ɗaya, tana dariya. Na ce alhamdulillahi, ga Zuru nan kamar yadda ka san ta. A raina na riga na gama zaɓe.

Sai rawar kai ta ɗebe ni na je na nuna wa Inna Lami nata. Ta wanke ni tas, da Hausa da C'lela, har masu jiran masa suka ja da baya. Ta ce wa ya ba ni izinin ɗaukar ta da zanen aiki, duk mai, baki a wangale? Don in lallashe ta na ce ai mahaifiyarka zan kai wa. Ashe nan na ƙara ɓata lamarin. Ta ajiye cokali ta tambaye ni ko na taɓa ganin ta je gidan rasuwa da zanen tanda. Ta ce idan hoton nan zai shiga ɗakin uwar Ikenna, to ita ce za ta shiga, kuma ba za ta shiga a haka ba. A gabanta ta sa na goge shi. Shi ne mafi kyau a duk waɗanda na ɗauka ranar, kuma na ji haushi ƙwarai.

Washegari na rataya Mai Taga. Ita kuma nata halin daban. Ba ta ɓoyuwa, kowa ya hango ta sai ya bar abin da yake yi. Baba Audu ina ɗaga ta ya miƙe ya ƙame, hannu a gefe, ƙirji a gaba, kamar an kira fareti. Ka san garin nan, kusan kowane gida da tsohon soja, to ranar duk na gan su. 'Yan kabu-kabu suka daina musu suka jeru suna muzurai. Na dawo gida ina mita, na ce wa Hadiza waɗannan ba mutanen Zuru ba ne, turame ne aka jera. Ita ma 'Yar Aljihu ta fi so. Ta ce ga sauƙin ɗauka a doguwar tafiya, ga shi ba mai tsayar da ni a shingen hanya yana tambayar ko ni ɗan jarida ne. Maganarta gaskiya ce.

Na yi kwanaki ina juya abin. Wanne ne ainihin mutum, wanda aka kama bai sani ba, ko wanda ya shirya ya tsaya? Wanne tsohuwa za ta yarda da shi? Kai yanzu da kake inda kake, idan ana ganin mu daga can, a wace kama kake ganin mu? Da zanen tanda, ko da kayan Sallah?

Abin da ban sani ba, Inna Lami ta baza labari. Ranar Asabar bayan La'asar Madam ta aiko in zo shago da kyamara, ba ta faɗi wacce ba, sai na ɗauko duka biyun. Ina shan kwana na tsaya. Titin ya cika. Inna Lami ta ci ado da atamfar da ban taɓa ganin ta da ita ba, da ɗauri har yana taɓa rumfa. Baba Audu ya maƙala lambobinsa a ƙirji. 'Yan kabu-kabu sun wanke baburansu suna ƙyalli. Matan cocinku sun zo da zane iri ɗaya. Har Malam Sani na Mahuta, mai sayen batirin tocila, wanda kuke faɗa da shi duk zuwa, ya hau mota ya zo da babbar riga. Kuma ba hoton taro suke so ba. Kowa ya ce shi kaɗai za a ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake shiga gaisuwa.

Na ciro 'Yar Aljihu, Baba Audu ya ce in mayar da wannan abin wasan, bai san inda zai kalla a jikinta ba. Sai na ɗaga Mai Taga na kafa ido. Ikenna, ta wannan 'yar tagar na ga abin da ban gani ba ranar da na fara rataya ta. Ƙamewar tana nan, amma ba ni suke kallo ba. Malam Sani ya haɗa hannuwa a ƙirji ya ɗan rusuna, leɓensa yana motsi. Inna Lami ta tsaya ƙiƙam, hawaye yana bin hodar da ta shafa, ta ƙi sharewa har sai da na danna. Tun da kyamarar ba ta jawo mutum, dole na matsa gaban kowa har ina jin numfashinsa. Na kuma gano mata wani amfani da mai sayarwa bai faɗa ba. Tana rufe fuskar mai ɗauka, kuma ranar na buƙaci haka.

Da aka gama, rana ta yi sanyi, Madam ta miƙo hannu ta ce in kawo, saura ni. Na ce ai ni da ƙafata zan je, tsohuwa za ta gan ni ido da ido. Ta ce zan je in dawo, hoto ne zai zauna da ita. Na nuna mata inda za ta leƙa da inda za ta danna, na koma gaban ƙofar shago.

Ka san abin da na yi? Na gyara hula. Na ja wuyan riga. Hannuwana na rasa inda zan kai su, suka sauka gefe da kansu. Na ƙame, ni da na kira mutane turame. Don da na kalli idon kyamarar nan, Madam ta ɓace, titi ya ɓace, sai wata tsohuwa da ban taɓa gani ba zaune a ɗakinta tana jira in gaya mata ko ɗanta ya yi zaman kaɗaici. Ba na jin yarenku, ita ba ta jin nawa. Abin da nake da shi kawai shi ne in tsaya sosai in bar ta ta kalle ni.

Hadiza ta koma Abuja da 'Yar Aljihu. Mai Taga tana wuyana, da ita zan yi tafiyar, duk mai tambaya a hanya zan ba shi amsa. Ban san ko ita za ka zaɓa mini ba. Na fi zaton da ka karɓe ta ka miƙo mini ɗayar, don kawai mu samu abin gardama har Magariba.

An wanko hotunan, manya, sun fito tar. Nawa ne ya fi muni. Fuskata ta kumbura, bakina ya karkace, kowa ya gani ya san mutumin nan kuka yake dannewa. Na so in cire shi, Madam ta ce shi za ta fara miƙa wa tsohuwa.

Ka huta lafiya, mutumina. Allah ya sa ka huta. Ina nan tafe garinku, karo na farko, kuma ba ni kaɗai ba.

Naka,
Bawa na Rikoto