Ilu Zai Shiga Teku

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Inna? Mu nan Riyad lafiya lau.

Na san kin ga bidiyon da nake sheƙa amai. Kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, shi ne ya ja ni Jidda tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, mutum biyu a kowane jirgi. Muna saukowa Ilu, direban maƙwabcinmu, ya ɗauke ni da waya, ya watsa har garinmu.

Yanzu kafil yana neman abokin tsere na gaba, wanda ake kwana a teku. Na ce masa Ilu ɗan masunta ne. Ilun da ko rafi bai taɓa tsallakawa ba! Maigidansa har ya amince.

Ki gaida Inna. Ku taya ni addu'a ya dawo da ransa, amma teku ta jijjiga shi sosai. Zan jira shi a gaɓa, wayata cike da caji.

Ƙaninki,
Habu