Ɗakunan Saman Shagon Awara

Zuwa ga ƙanwata Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa daga Onomichi. Yaya gwiwar nan taki? Yaya maigidanki Tadao, har yanzu yana barci a gaban talabijin baki buɗe? Tun da kunnenki ya yi wa waya yaji, ga takarda, ki sa tabarau.

Jikana Shunsuke ne ya kawo mini aiki. Kin san tun da wurin ƙera jiragen ruwa ya sallame shi yake zaune. Shekaranjiya ya shigo da wani mutum mai ƙyallin takalmi, wai shi Kuramochi. Suna son ɗakunan da ke saman tsohon shagon awararmu. Za su zuba mata a ciki, kowace da kyamararta, maza daga nesa suna biya minti-minti. Wasu hira kawai suke so, wasu sai an cire riga. Kada ki toshe baki, Kinu, na san kin gane.

Shun zai shiga a matsayin abokin kasuwanci, amma sai na buga hatimina na tsaya masa. Wato in abin ya nutse, gidan da marigayi maigidana ya gina da ruwan waken suya ya tafi. Ya miƙo mini wayarsa yana rawar jiki: "Kaka, dubi yawan masu kallo a wannan minti kaɗai! Kuɗi ne a ƙasa."

Ni kuwa na tambayi baƙon yaushe zai zagaya maƙwabta da tawul, kamar yadda kowane sabon mai haya yake yi. Ya yi dariya, ya ce irin wannan aiki ba ya son gaisuwa. Nan hankalina ya ƙi kwanciya.

Na naɗe hatimin a leda na tura shi ƙasan tukunyar miso, daddawar waken suyar nan tamu. A takardar tallarsu kuma na ga suna ɗaukar mace komai tsufanta, har da ranar gwaji. Ban taɓa sayen wake ban tauna ba. Zan je da kaina.

Ki gaida Tadao, in ya farka.

Yayarki, Fusae

Kinuyo ƙanwata,

Ina fata sanyin ya sake ki. Ni lafiya lau, sai ciwon baya da na samo a wurin aiki. Ƙwarai, aiki na ce.

Na ce wa Shun zan je duba ido, na hau jirgin ƙasa zuwa Fukuyama, inda Kuramochi yake da ɗakunansa. Na dace ba ya nan. Matar da ke kula da wurin ta duba katin shaidata, ta duba fuskata, ta ce tsofaffi ma suna da kasuwarsu. Ta raɗa mini suna Madam Sumire. Na goga jan baki, rabona da shi tun bikin 'yarki.

Ɗakin bai fi makewayinku girma ba, an manna hoton kantar littattafai a bango. Ina zama sai lambar masu kallo da ke gefen allon kwamfuta ta fara hawa. Na ce ashe na makara da gane baiwata! Na gyara zama, na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji.

Da rana ta yi, mai ɗakin kusa da ni, Chizuru, mace mai kusan arba'in, ta ba ni shayi. Na yi mata alfahari da lambata. Ta ce, "Kaka, waɗannan 'yan leƙe ne, leƙe kyauta ne. Sai wanda ya shigo ya rufe ƙofa ne yake biya. Zaman jira kuma ba wanda ke biyan ki." Na tuna masu tsayawa bakin shagonmu suna shaƙar ƙamshi, hannu a aljihu.

Mutum biyu suka shigo mini ta allon. Na farko ya rubuta in ɗaga riga. Na ce, "Ɗana, abin da kake nema ya daɗe da ƙaura zuwa cibiya, ka adana kuɗinka." Ya ɓata mintinsa yana dariya. Na biyu tsoho ne da matarsa ta rasu, so yake ya san dalilin da awararsa ke farfashewa a kasko. Na ce ya danne ta da faranti ruwan ya fita tukuna. Ya yi ta godiya har na ji kunya.

Abin da aka ba ni da yamma ya biya jirgi da kwanon taliya. Chizuru ta raka ni tasha tana yi mini bayani: masu dandalin intanet ɗin su kwashe rabi, Kuramochi ya kwashe mafi yawan ragowar, ita ta tafi da ɓawon. Tana da masu nemanta da suna, za ta iya yin rajista da kanta. Abin da ya hana ta, da surukarta take zaune, bangon gidan kuma kamar takarda. Ɗaki mai ƙofa kawai take biya da wannan tsada.

Kinu, na je ne in tabbatar babu riba, sai na tarar akwai. Yaron bai yi ƙarya ba. Amma daga zaman banzan Chizuru take fitowa, kuma jikana ba zai ci wannan ba ina raye.

Ki ƙona takardar nan kafin Tadao ya nemi Madam Sumire.

Taki, Fusae

Ƙanwata Kinu,

Gaisuwa da fatan alheri, na gode da busasshen kifin. Wa'azin da kika haɗo da shi kuma na ajiye, ban taɓa ba.

Na zaunar da Shun na gaya masa inda na je. Ya yi ja har kunne. "Kaka! In abokaina sun gan ki fa?" Na ce in sun gan ni, ya tambaye su abin da ya kai su. Sannan na ce babu hatimi, babu Kuramochi. Ya tashi ya buga ƙofa, ya daina cin abincina. Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na kunna wa marigayi turare na ce ya riƙe mini zuciyata kada in sauka.

Na kira Chizuru. Na ce ita da ƙawarta Madoka su karɓi ɗakunan kai tsaye, haya wata-wata, abin da suka samu nasu ne. Suna buƙatar mai ja musu wayar intanet da toshe bango don sauti, kuma za su biya shi. Na faɗi haka da ƙarfi a bakin ɗakin Shun. Sharaɗina ɗaya ne: sai sun gaida maƙwabta.

Chizuru ta tsorata. "Kaka, in an tambaye mu sana'a fa?" Na ce ni zan shige gaba.

Ranar Lahadi muka fito da tawul a naɗe. Gidajen da ke fuskantarmu suka karɓa ba tambaya. Sai muka isa ƙofar Hatsue, kin san ta, rediyon unguwa. Ta ƙare musu kallo ta ce, "Wane aiki ake yi a sama?" Na ce, "Hira suke yi da maza ta kwamfuta, mazan suna biya. Ke kin tsufa kina yi wa naki kyauta, ko sauraro ba ya yi." Ta karɓi tawul. Kafin yamma unguwa ta sani, kuma gara haka. Mai shagon magani ya daina amsa gaisuwata. Zai gaji.

Da muka dawo na tarar da Shun a kan tsani yana auna bangon sama. Da ya sauko ya ce, "Kaka, akwai sauran shinkafa?" Na ce akwai, amma ma'aikata kawai nake ciyarwa.

Jiya na tono hatimin na buga a takardar haya. Ledar ta huje, har yanzu takardar tana warin miso. Chizuru ta ce ba komai, ita ce takarda ta farko da ta sa wa hannu da sunanta na gaskiya.

Ki kula da gwiwar nan. Madam Sumire ta yi ritaya, amma jan bakin yana nan.

Yayarki mai ƙaunarki, Fusae