Dakan Gumbarki Ya Rufe Mini Shaida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta 'ya da uwa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Daga Daura nake rubuto miki, ga takardar sammaci a gefena. Jibi zan tsaya gaban alƙali in ba da shaida a shari'ar Yaya Sale, ɗanki na fari, kuma har yanzu ban san abin da zan faɗa ba. Tsoro nake ji, Inna.

Bari in ɗauko miki daga inda kika bar mu.

Kin tuna na'urar da na binne a bayan rumbunki, wadda kike kira da sunana, tukunyar Hajo? Uku muka binne ni da abokan aikina na jami'a, ɗaya a Mashi, ɗaya a Baure, ta ukun a gidanmu na ƙauye. Aikinsu sauraren motsin ƙasa. Da na ce miki ko takun jaki tana ji, dariya kika yi, kika ce ashe bokon da aka kai ni na gulma ne, gulmar ma ta ƙarƙashin ƙasa. Amma washegari da kanki kika mirgina turmi har can wajen turken awaki. Shekara biyu ba wadda ta yi daka a bayan rumbu. Duk wadda ta nufo wurin da taɓarya sai ta ji muryarki: "Ku matsa can, kar ku toshe wa tukunya kunne."

Ranar sadakar arba'in ɗinki gida ya cika maƙil. Inuwa ɗaya ce mai kyau a gidan, ta bayan rumbu, nan mata suka jawo turame biyu don dakan gumba. Ina wurin, Inna, ban hana ba. Ni ce ma na karɓi taɓarya a hannun Gwaggo, ƙanwarki, ta ɗauki wata, muka shiga lugude ina kuka. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan wannan karatu, na manta da abin da ke ƙarƙashin ƙafata.

Da hantsi ƙasa ta motsa. Ba wani babban motsi ba ne. Kwanoni suka yi ƙara, kaji suka watse, mata suka ɗauki salati. Ni kuwa na tsaya da taɓarya a sama, na dubi turmi, na dubi inda tukunyar take.

Kafin azahar labari ya iso cewa rijiyar da ake yasa a wani ƙauye kusa da garin Dutsi ta rufta da Malam Hudu a ciki, wanda ya haƙa mana tamu. Sai bayan la'asar aka ciro shi, rai ya yi halinsa.

Kin san sana'ar Yaya ta fasa dutse a wannan yankin, kin kuma san an hana su sa nakiya tun da katangun mutane suka fara tsagewa. Iyalan Malam Hudu suka kai ƙara kotun shari'a, suka ce nakiyarsa ce ta rufta rijiyar. Shi ya ce sam, ƙasa ce ta girgiza da ikon Allah. Wani ya tuna wa alƙali cewa ai akwai mai sauraren ƙasa a gari. Bai gaya masa ƙanwar wanda ake ƙara ba ce, sai daga baya aka sani, kuma babu wata mai wannan aikin sai ni.

Ba ki taɓa bari na yi miki bayanin aikin har ƙarshe ba, kullum tuwo na kan wuta. Yau dole ki saurara. In ƙasa ta motsa, motsi biyu ke isowa ga na'ura, na gaba mai sauri, na baya mai nauyi, kamar walƙiya da tsawa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke gaya mini nisan wurin da abin ya taso, amma ba ta faɗin ta wane gefe. Sai in zana da'ira a kan taswira kewaye da kowace na'ura. Inda da'ira uku suka haɗu, nan ne asalin motsin.

Biyu kawai gare ni, ta Mashi da ta Baure, don ta gidanmu ba ta yi mini amfani ba, kuma da'ira biyu a wuri biyu suke haɗuwa. Wuri ɗaya jeji ne, inda muka daɗe muna zargin akwai tsohuwar tsaga a cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, irin wadda gefenta ɗaya kan zame ya goga ɗayan. Ɗaya wurin kuwa, Inna, ramin da Yaya ke fasa dutse ne.

Akwai wata alamar. Nakiya tana tura ƙasa waje ta kowane gefe, tsaga kuwa in ta zame sai ta tura wani gefe ta ja wani. Mashi turi ta nuna, Baure ma turi. Da ta gidanmu ta nuna ja, da na wanke ɗanki da bakina a gaban kowa. Da na buɗe abin da ta rubuta a wannan sa'a, ba komai sai saukar taɓare huɗu, tim, tim, sun danne motsin farko gaba ɗaya.

Sati uku ke nan ina tsince bugun nan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ko zan ga abin da ke ƙarƙashi. Na cire na Gwaggo da na sauran biyun, don hannunsu a daidaice yake sauka. Na huɗun ya ƙi ciruwa, yana jinkiri, yana tsallake, ba shi da tsari. Nawa ne. Kin sha faɗa cewa dakana na 'yan makaranta ne, ga shi kin yi gaskiya a inda ya fi ciwo.

Gari ya rabu a kaina. Wasu na cewa da gangan na sa aka yi dakan don in rufa wa ɗan'uwana asiri. Gwaggo kuwa ta zo har Daura ta ce in ce na'ura ba ta ji komai ba, in sauko, ai ba ƙarya na yi ba. Amma ta ji, Inna, biyu sun ji, kuma Alƙur'ani za a miƙo mini. Matar Malam Hudu tana cikin takaba da 'ya'ya biyar. Ita ma amsa take jira daga bakin nan nawa.

Ga wani abin da ban gaya wa kowa ba. Da ƙasa ta motsa na fita ƙofar gida da gudu. Maza na zaune a kan tabarmi, amma babur ɗin Yaya ba ya nan. Sai azahar ya dawo da ƙullin goro, ya ce shi ya je sayowa. Na yarda da shi, don ina so in yarda.

Jiya bayan la'asar ya zo wurina. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Na zaci zai tambaye ni ko na sami abin da zai wanke shi, na ma shirya yadda zan ba shi haƙuri. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko tukunyar tana jin ƙaramar nakiya, ko kuwa sai babba.

Bai jira amsata ba, ya sa takalmansa ya fita.

Ya Allah Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta. Ka jiƙan Malam Hudu, Ka dubi marayunsa. Ka dubi Yayana da rahama, ko mene ne ya faru a ramin nan. Ni kuma Ka riƙe harshena jibi, kar ya ƙara, kar ya rage. Wanda duk ya karanta wannan, ya sa mu a addu'a.

Ki yafe mini, Inna, ko me na faɗa a kan ɗanki.

'Yarki mai kewarki,
Hajo