Kafofin da Na Toshe a Casillar Tsoho

Asabar, 4 ga Nuwamba

Yau na buɗe casillar Tsoho, mahaifina. Da ma ban buɗe ba.

Wata bakwai tana tsaye a bayan gida, ruwa da dusar ƙanƙara suna sauka a kanta. Ɗakin nan mai taya biyu da ya ƙera da hannunsa ina ɗan shekara tara, wanda muke ja da mota zuwa tafkin Futalaufquen duk Janairu. Ranar da zai koma Trelew wajen ƙanwata Griselda, abu ɗaya tak ya roƙe ni: "Ulises, ka bar ta a rumfa, kada ruwa ya taɓa ta." Na ce to. A watan Afrilu na turo ta waje, na jibge itacen girki da na jin ɗumi a wurinta. Wai na mako biyu.

Wari ne ya fara yi mini maraba. Kashin ɓera a kan katifa, a cikin tukunya, har cikin kofin Tsoho. Sun fasa ledar ganyen shayin mate da na manta a ciki sun yi walima. Bangon da ke ƙarƙashin tagar hagu ya yi baƙi, na danna da yatsa ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi.

Shekarata hamsin da biyu, amma na tsaya ina waige-waige ko wani ya gan ni.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Tsoho ya kira, kamar kowace Lahadi. "Yaya 'yar tawa?" Haka yake ce mata.

"Tana rumfa, Baba, a bushe."

Sai Griselda ta karɓi wayar ta fita waje. Yana so ya je tafki a Janairun nan, kullum zancensa ke nan. Likita bai ji daɗin ƙirjinsa ba. "Kada ka ɓata masa wannan, Ulises. Ban san ko akwai wata Janairun ba."

Matata Mirta tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce ƙarya ta zame mini gaisuwa. Na yi mata tsawa, don ta faɗi gaskiya.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na bar ƙofa da tagogi a buɗe awa guda, na ɗaure hanci, na jiƙa ko'ina da ruwan bilic kafin in taɓa tsintsiya. Ba a wasa da ciwon ɓeran nan mai doguwar wutsiya, balle ga tsoho mai raunin ƙirji. Katifa da labule duk na ƙone.

Maƙwabcinmu Don Cirilo ya leƙo ta kan shinge. "Otel ka buɗe musu ne, maƙwabci? Da abinci ko kwana kawai?"

Na yi dariyar yaƙe. Ya ce kada in ruɗu da kumfar toshe kafa ita kaɗai, ɓera cin ta yake kamar cuku. In cusa soson ƙarfe tukuna, sannan in bi da gam. Ya tambaya ko Don Amancio, wato Tsoho, ya sani. Na ce tukunyata tana kan wuta.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Wuni guda ina kwance rigingine a ƙarƙashinta. Inda bututun ruwa ya shiga, inda wayar wuta ta fito, bayan tayoyi, gefen ƙofa. Duk inda fensir ya shige, ɓera zai shige, haka Cirilo ya ce, don haka da fensir na bi ta. Soso, gam, soso, gam. Yatsuna duk sun tsage.

Na ga wasu 'yan kafofi a jere ƙarƙashin kowace taga da can gindin bango, uku-uku. Na toshe su tas. Har na ce a raina, ashe Tsoho ma yana barin aiki rabi. Na ji daɗin wannan tunanin fiye da yadda ya kamata.

Mayar da ita rumfa sai an kwashe itace, kuma taya ɗaya ta sace. Sai wani makon. Ai yanzu ko iska ba za ta shiga ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

"Tana rumfa, Baba."

Laraba, 15 ga Nuwamba

Kwana biyu ana tsuga ruwa. Na shiga da safe da taƙamata, ƙafata ta ce caɓal.

Babu ɓera ko ɗaya. Ruwa ne. Bangon ya kumbura, na kara kunne na buga, sai na ji shi yana motsi a ciki kamar gora. Katakon ƙasa ya fara tashi. Abin da sanyin bana gaba ɗaya bai yi mata ba, na yi mata shi cikin mako guda da hannuna, kuma ban ma san me na yi ba.

Mirta ta zo ta tsaya a ƙofa, ta daɗe tana kallo. Ban da gori a yau. Ta ce, "Mutum ɗaya ne ya san cikin abin nan. Ka kira shi."

Ban kira ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na kira. Da ya ji muryata ranar da ba Lahadi ba, sai ya ce, "Wa ya mutu?"

Na faɗa masa komai. Itacen, ɓerayen, katifar, da cewa tun Afrilu nake masa ƙarya. Na yi ta zuba don kada ya samu wurin magana. Da na gama, sai na ji numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Kafofin nan uku-uku na ƙarƙashin taga. Ka toshe su?"

Na ce e.

"Ni na huda su, sakarai. Ko me ka shafa wa tagar nan sai ruwa ya bi ta bayanta. Ta nan yake fita. Raga ake sa musu, ba gam ba." Sannan ya ce, "Kada ka ƙara taɓa komai."

Ya kashe wayar. Maganar ƙaryar ko kalma ɗaya bai ce ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da ya zage ni a kanta da na samu sauƙi.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ya zo. Awa takwas a motar haya, shi kaɗai, da akwatin kayan aikinsa a kan cinya. Griselda ta ce in wani abu ya same shi ba za ta yafe mini ba.

Ya rame. Bai shiga gida ba, kai tsaye ya wuce baya. Ya zagaya ta sau biyu yana shafawa, ya tsuguna da ƙyar, ya tsokale gam ɗina da kan ƙusa. Ruwa ya tsiyayo baƙi ƙirin a kan takalminsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya duba inda bututu ya shiga. "Wannan ka yi shi da kyau," in ji shi. Shi ke nan.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Mun ɓalle bangon hagu. Hannunsa rawa yake, ba ya iya riƙe abin hudawa, sai ya zauna a kan bokiti da mate ɗinsa yana ba da umarni. "Ba nan ba, kai. Idonka na ado ne?"

Da rana na kasa haƙuri. Na ce, Baba, ba ka ce komai ba a kan ƙaryar da na yi maka.

Ya zuƙi mate ɗinsa har ya yi ƙara. Ya ce tun Yuni ya sani, Cirilo ya gaya masa a waya.

Na ce to me ya sa kake ta tambayata duk Lahadi?

"In ban tambaye ka ita ba, me zan tambaye ka? Kai ba ka magana, ni ba na magana. Ita ce kawai ke riƙe ka a waya minti biyu."

Na ce zan je in ɗauko ƙusa. Akwai ƙusa a aljihuna.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Sabon katako ya hau, raga ta hau kan kafofi, an kwashe itace, tana cikin rumfa. Za ta je tafki a Janairu. Jiya ya ba ni labarin yadda ya sami ƙarfen gindinta a wata tsohuwar motar shanu, ban taɓa ji ba. Ni ma na gaya masa wasu abubuwa, ba sai na rubuta su ba.

Da safe ya tambaya saura aikin kwana nawa, don ya sayi tikitin komawa. Abin da ya rage fenti ne da labule, bai fi na wuni biyu ba.

Na ce masa zai kai kwana goma.

Ya dubi bangon, ya dube ni. Ya ce shi ma haka ya ƙiyasta.