Bayan Ƙofar Gari

Biyu ga wata na uku, Lin'an
Attajiri Pei ya kawo dogon zane na siliki, naɗaɗɗe, in sake masa takardar baya. Ina warware bakinsa na ga jakai ɗauke da gawayi, na gane hanyar. Bianjing ce, garinmu, kafin mahayan arewa su ci ta, mu gudo nan Lin'an. Na naɗe shi.

Huɗu ga wata
'Yata Suniang ta sake tayar da maganar. "Baba, akwatin gawar Inna ya gaji da zaman jira a haikali. A binne ta nan mana." Na ce a gida za a binne ta, idan mun koma. Ta ce, "Ni a nan na yi haƙora."

Biyar ga wata
Hannun hagu na warware zanen, na dama na naɗewa, kamu ɗaya kullum. Ba na son in isa gidanmu da wuri. Yau a zanen ina bakin kogi, har warin jiƙaƙƙiyar igiya nake ji.

Tara ga wata
Gada. Jirgi na neman karo da ita, kowa na ihu. Ga mai sayar da waina inda yake zama. Nan matata Wanniang takan tsaya ta ce masa, "Ta jiya ce, tsoho, kada ka rantse." Na duba matan gadar ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ciki. Ƙila tana gida.

Sha biyu ga wata
Pei ya leƙo. "Malam Qiu, gyara kake ko hijira ka yi ciki?" Na shiga ƙofar gari, na wuce raƙuma. Bayan shagon mai magani sai lungunmu. Gobe.

Sha uku ga wata
Zanen ya ƙare a shagon mai magani.

Sha shida ga wata
Na liƙa farar takarda a ƙarshe, inda masu zane ke buga jan hatiminsu. Na ɗauki alƙalami in zana ƙofarmu a gefe, don kaina. Gabas take kallo ko kudu? Na kasa tunawa. Na yi kuka.

Ashirin ga wata
Na mayar wa Pei kayansa. Suniang ta ja ni wani tudu bayan tafki, wai shan iska. Ƙasar busasshiya ce, rana na samunta da safe. Wanniang ba ta son sanyi. Na tambayi mai wurin kuɗinsa, tambaya kawai.