Yadda Yaya Rabi Ta Kama Ni

Daren Laraba, unguwar Choggu, Tamale

Ni Barista Hajiya Mariyama, wadda alƙalan Tamale ke gyara zama in ta shigo, yau na faɗi shari'a.

Yaya Rabi ke karanta min littafin nan na Turanci tana juyawa da Hausa, labarin wata lauya mai kare direban da aka yi wa sharrin kisa. Matar na burge ni. Ba ta ɗaga murya, tambaya kawai take jerowa har maƙaryaci ya tona kansa. Saura babi ɗaya, sai na ɓoye littafin cikin buhun masara don tsokana.

Yaya ba ta yi faɗa ba, ta zaunar da ni gaban Mma, mahaifiyarmu.

"Ina ka je bayan la'asar?"

Na ce, "Ko kusa da masara ban je ba."

"Wa ya ambaci masara?"

Mma har da hawaye don dariya.

Hukuncina, Yaya ta miƙo min littafin ta ce in karanta ƙarshen da kaina. Ga shi nan gabana, ban san ko direban ya kuɓuta ba.

Babu wata Barista. Ni ne Sule, makarantar allo kaɗai na yi. Gobe zan wanke wa Yaya babur, ko ta karanta min ƙarshen.