Gamsheƙa a Kafar Duna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Inna da yara suna lafiya.

Ni dai raina a ɓace yake. Kafar da ka fasa a katanga don karenka Duna ya riƙa fita gona, Kawu Ado ya jibge karan dawa a bakinta. Sau uku ina roƙonsa ya kwashe, ya yi kunnen uwar shegu. Jiya da hantsi gamsheƙa ya fito daga cikin karan, ya tofa wa Duna dafi a ido. Mun wanke, amma ido ɗaya ya tsiyaye. Buɗar bakin Kawu sai cewa ya yi, "Ai kare ne!"

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanenmu na can. Sannan ka kira Kawu yau ya kwashe karan, don ta kafar nan 'yarka Ummi take leƙa waje kullum.

Ƙanwarka,
Hadiza